Katako Mai Ramuka Takwas

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Azare, motoci bakwai a jere, kuma kusan kowace ta girmi mai tuƙa ta. Katagum muka nufa ta hanyar Udubo da Gamawa, da niyyar mu ɗauki hotuna a bakin kogi, mu ci kifi, mu dawo. Fitata ta farko ke nan tare da 'yan zaurenmu na waya na masu tsofaffin motoci, kuma ranar ce motata ta fara dogon zango bayan shekara tara tana fake a rumfa. Ku da kuke bibiyata kun ga hotunanta tun tana tarin ƙarafa. Akwai abin da ba ku gani ba, shi zan faɗa yau, ko da yake yana yi mini nauyi a baki.

Motar a-kori-kura ce, ta mahaifina Malam Sabo direba, Allah ya ji ƙansa. Shekara talatin ya yi yana jigilar 'yan kasuwa da ita a ƙauyukan nan, da buhunansu da awakinsu da ƙorensu na nono. Da ta gaji ya fara gyaranta kaɗan-kaɗan, har ajali ya riske shi injin yana buɗe. Wajen rabon gado yayyena suka ɗauki gona, suka bar mini ita suna ƙunshe dariya. Neman kayan gyara ne ya kai ni zauren nan na waya, kuma mutanen sun yi mini halacci. Wani ya aiko mini da kabureta daga Kano, wani ya haɗa ni da mai fentin da ya mayar da ita fara ƙal.

Sai dai a zauren kowace mota da asalinta. Wannan ta kakan wane ce alƙali, waccan ta wani hakimi. Da aka ce sabon shiga ya ba da tarihin tasa, sai na kasa cewa ta ubana ce mai dakon awaki. Na rubuta cewa wani Bature likitan dabbobi ne ya bar ta, ni kuma na saye ta a gwanjo. Aka yi ta yaba mini, na yi ta amsawa da godiya.

A cikin kayan da Baba ya bari akwai wani dogon katakon maɗaci mai ramuka zagayayyu. Bakwai ya gama fafe su, na takwas zanen fensir ne kawai. Na san amfaninsa sarai. A bayan mota ake gitta shi, matan Fulani su zaunar da ƙorensu a ramukan don kada nono ya zube a hanya. Tsohon ya ruɓe, wannan sabo ne yake yi. Amma motar Bature ba ta san ƙwarya ba, don haka na jingine shi a zaure. Da asubar nan da zan fito, da shi na yi wa taya gada a kan kwatar ƙofar gida. Na ji ƙarar karyewarsa, ban ko waiwaya ba.

Hanya ta yi daɗi da farko. Kaka ce, an girbe gero an ɗaure dammuna, riɗi a tsaye a gonaki yana shan rana, kankana kuwa tuli-tuli a bakin titi. Mun tsaya wajen wani mai shayi, inda na gane cewa kuɗin da ke sayen shayi da burodi bara yanzu ruwan bunu kawai yake saye. Mutane suka kewaye mu. Wani dattijo mai keke ya tambaya ko gwamnati ce ta kwashe mu za ta kai gidan tarihi. Motar ɗaya daga cikinmu ta ƙi tashi, manyan mutane da manyan riguna muka tura ta, 'yan acaɓa suna yi mana kirari.

Gab da Udubo garken shanu ya tare hanya. Ni ne na uku a layi. Na danna hon, gajeru uku da dogo ɗaya. Ban yi tunani ba, haka na taso ina jin Baba yana yi idan ya doshi ƙauye, kuma hon ɗin shi kaɗai ne abin da ban canza ba, yana nan da dasasshiyar muryarsa. Sai na ga wasu mata uku da ke zaune a gindin tsamiya sun miƙe a tare, sun ɗauki ƙorensu sun nufo ni. Babbarsu tsohuwa ce siririya, tana tafe tana leƙen gilashi. Ta dafa ƙofar motar.

"Motar Malam Sabo ce," in ji ta. "Ko wankan amarya aka yi mata na san muryarta."

A lokacin abokan tafiya sun firfito, har da Alhaji, shugaban zaurenmu, dattijo mai son raha. Ina da damar in faɗi gaskiya a nan. Ban faɗa ba.

Na ce, "Inna, ina jin wata motar kike nufi."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To, mota dai ta yiwu wata ce. Amma kunnuwan nan na Malam Sabo ne, ɗana."

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Ashe Baturen namu ɗan Azare ne." Ni kam na rasa inda zan sa fuskata. Da akwai rami a wurin da na shige. Inna ba ta san abin da ake wa dariya ba. Ta ɗaga hannu ta yi wa Baba addu'a, ta ce sai bayan an share makoki labarin ya iske su a ruga, kuma ba su zo gaisuwa ba don motar da ke kai su Azare ita ce tasa. Daga nan ta yi mini ta'aziyyar uban da na gama musantawa yanzu-yanzu. Na amsa kaina a ƙasa.

Ranar kasuwar Gamawa ce, sun daɗe suna jiran abin hawa. Alhaji ya ce in ɗauke su. Na buɗe musu baya, inda na shimfiɗa sabon kafet ja saboda hoto. Inna ta leƙa dama da hagu.

"Ina katakon?"

Na ce yana gida. Ta ce ai kafin Baba ya kwanta ciwo sai da ya zo rugarsu a kan keke da igiya, ya auna gindin ƙwaryar kowacce. Kowane rami da mai shi, nata ne na uku. Ta nuna matashiyar da ke bayanta ta ce, "Na takwas na jikata ne. Lokacin ta fara tallan. Ya auna, bai dawo ba."

Suka hau suka rungume ƙorensu a cinya, kowacce da faifanta a kai. Muka tashi. Daga nan hanyar ta lalace, kwalta nan, jan ƙasa can, ga ramukan da damina ta bari. Motocin gaba suka ba ni rata, ni kuma ban so a ce ta ɗan direba ce ta zo ƙarshe, sai na ƙara wuta. Akwai wani gangare da na tuna Baba yana sauka a giya ɗaya, har fasinjoji su yi ta tsokanarsa. Na tuna ne bayan na faɗa cikinsa. Motar ta yi sama ta dira, na ji salati daga baya.

Ƙwarya biyu suka kife, ta Inna da ta jikarta. Kindirmo ya malale kafet, yana ɗiga ta ƙarƙashin ƙofar baya zuwa ƙasa, curin man shanu ya gangara kusurwa ya kwashi yashi. Tatsar kwana biyu ke nan, da ita za su sayo hatsi da gishiri. Jikar tana share zaninta tana ɓoye hawaye. Na zaro kuɗi, Inna ta ture hannuna.

"Ba ciniki muka yi da kai ba," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Tun ina budurwa nake shiga motar nan. Babanka bai taɓa zubar mini da ko ludayi ɗaya ba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sauran hanyar a giya biyu na yi ta. A bakin kasuwar Gamawa suka sauka. Na roƙi ta ukun ta sayar mini da nata duka a farashin da ta ga dama, wannan dai Inna ba ta hana ba. Har sun juya sai ta dawo, ta karɓi ƙwaryar jikarta ta ajiye mini a kujerar gaba. Ta ce tunda ta zama fanko in tafi da ita, kada awon ya ɓata.

Na isa Katagum da azahar, kowa ya riga ni. Kogi ya cika yana sheƙi, masunta na ta fito da tarwaɗa, mata na suya a gefe. An ce kifin ya yi daɗi, ni ban ji ɗanɗanonsa ba. Motata na tsami a rana, ƙudaje sun yi mata rumfa. Da aka jera motoci don hoto, na roƙi a saurare ni. Na ce babu wani Bature. Na faɗi sunan ubana da sana'arsa, na faɗi abin da na yi da katakonsa da asuba. Wani ya ce shi ma alƙalin nasa, in za a bi diddigi, masinjan kotu ne, aka ɗan yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya ce, "Mu ƙarfe muke gyarawa mu ɗauki hoto. Taka kuwa har yau akwai masu jiran ta a bakin hanya. Ka je ka ƙarasa aikin."

Mun shigo Azare da la'asar sakaliya. Ban shiga gida ba sai da na naɗe hannun riga na tsamo katakon daga kwata, ɓari biyu, ya tsage ta tsakiyar rami na huɗu. Maƙwabta na kallo na wanke shi da omo a bakin famfo. Wata takwas na yi ina cewa ina ƙarasa aikin Baba, ashe goge sawunsa nake yi daga jikin motar, kuma sai da abincin wasu ya zube a ƙasa na gane. Wannan kunyar ba na jin za ta sake ni da wuri.

Washegari na kai wa kafinta. Ya ce zai haɗu idan aka yi masa ɗauri da ƙarfe ta ƙasa, sai dai tabon ba zai ɓoyu ba. Na ce ya bar shi a fili. Ya shafa zanen fensir ɗin da ruwan kwata ya kusa cinyewa, ya tambaye ni girman rami na takwas. Na koma mota na ɗauko masa ƙwaryar.