Ranar da Na Riga Habu Isa Rijiya

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Habu makwancinsa. Duk kaka, idan aka gama yankan hatsi direbobi suka fara samun lodi, sai wani ya tsaya a ƙofar garejina a Tanut ya ce, "Allah ya jiƙan Habu, da yanzu ana shirin tsere." In ce amin, in ci gaba da abin da nake yi. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya ce, "Lawali, kai ma fa ka yi tsere." Na yi kuwa, shekaru masu yawa, har na taɓa cinye shi. Ganin babu mai faɗa, na ce bari bana in rubuta da kaina, masu karatu su ji labarin mutumin daga bakin wanda ya fi kowa shan ƙurarsa.

Habu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Da ubansa ya rasu a Gangara aka kawo shi gidanmu yana ƙarami, na girme shi da kaɗan. Mahaifina, Malam Isufu, bakanike ne, garejinsa na bakin babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Agadas. Nan muka tashi mu biyu, muna wanke ƙarafa da kalanzir, muna miƙa sifana, muna shan ranƙwashi tare.

A lokacin motocin tseren Turawa kan ratsa ƙasarmu su shiga hamada. Wata rana ɗaya daga cikinsu, mai manyan lambobi a jikin ƙofa, ta tsaya a garejinmu don a liƙe mata wani ƙarfe da ya tsage. Baba ya aike ni gida in ɗebo ruwa. Da na dawo sai na tarar Baturen ya ɗora Habu a kujerar direba, ya kifa masa hular kwano har ta rufe masa ido, yaran unguwa sun kewaye suna ihu. Kafin in sauke bokiti an gama aiki, mota ta tashi. Habu ya daɗe yana ba ni labarin yadda cikinta yake, da agogunan da ke gabanta, da warin kujerar, ni kuwa ina ce masa ban tambaye shi ba. Amma duk abin da ya faɗa ina riƙe da shi har yau, kamar ni na zauna.

Da muka zama samari, Baba ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura wadda injinta ya mutu, aka jawo ta da igiya daga Balbeji. Rani guda muka yi a kanta. Ni na sauke injin, ni na wanke shi ƙarfe bayan ƙarfe, ni na mayar. Habu na zagaye yana fito, ya taɓa nan ya taɓa can. Ranar da ta tashi, hayaƙi ya cika gareji, Baba ya ciro makulli daga aljihu. Na riga na fara goge hannuna a jikin wando. Sai ya jefa wa Habu.

Baba ya ga fuskata, ya ce, "Kai gareji za ka gada, Lawali. Shi hanya ce rabonsa."

Habu ya cafe makullin ya ce, "Na gode, Kawu," ya kashe mini ido ɗaya.

Na san Baba bai yi ƙarya ba, kuma na san gareji ya fi a-kori-kura daraja nesa ba kusa ba. Sanin bai hana ni ƙin cin tuwo ranar ba.

Tseren namu ba wani babban abu ba ne, kada matasan yanzu su ɗauka akwai tuta ko kofi. Akwai wani fako a bayan gari, shimfiɗaɗɗe, mai tauri kamar daɓe. Ranar kasuwa da la'asar, idan direbobin ƙauyuka suka sauke fasinja, sai a taru can. A jera mota biyu a gindin wata aduwa, mutum ya tsaya tsakani ya jefa hularsa sama. Da ta taɓa ƙasa an tashi, wanda ya riga isa tsohuwar rijiyar da ke can gaba ya ci. Hanya ce miƙaƙƙa, gajera, babu kwana. Duk maganar tana ga tashi da canjin giya. Saboda wannan ɗan taƙin muke cire kujeru da ƙarafan baya don mota ta yi sauƙi, mu buɗe wa karbirato baki ta sha mai da yawa, mu yanke salansa, mu rage iskar taya. Wani lokaci jandarmomi su zo su kore mu, mu watse, wata kasuwar mu dawo.

A fakon nan Habu ya yi suna. Direbobin Ollelewa sun gwada shi, na Balbeji sun gwada. Wani ɗan attajiri ya zo takanas daga Damagaram da sabuwar mota mai sheƙi, ya koma bai yi wa kowa sallama ba. Na sha tsayawa kusa ina kallon abin da Habu ke yi wanda sauran ba sa yi. Ba ya duban hula. Kafaɗar mai jefawa yake duba. Idan zai canja giya ba ka jin injin ya numfasa, kukan ɗaya ne daga aduwa har rijiya. Na gwada kwaikwayonsa sau ba adadi, ƙafata ta ƙi. Kuma motar da yake cin mutane da ita, ni ke kwana biyu a ƙarƙashinta kafin kowace kasuwa. Idan ya ci, a ɗauke shi sama ana kirari. Idan ya sauko, ya zo ya dafa ni ya ce, "Taubashi, yau ta ɗan yi tari a giya ta biyu."

Yau fakon ya zama filayen gini, an sare aduwar. Matasan da ke koyon aiki a wurina suna kallon tsere a cikin waya. Sun san ƙasar da za a yi na wannan mako da wadda za a je a mako mai zuwa, suna gardama kan direbobin da ba su taɓa jin sunan yankinmu na Damargu ba. Motocin yanzu kuma sai an jona musu na'ura ta faɗi ciwonsu. Tsofaffin direbobi kan ce da Habu na nan da ya raina wannan zamani, da ya ce kunnensa ya ishe shi. Ba su san shi ba. Da Habu na nan, da ya koyi na'urar nan kafin in gama neman tabarona, da yanzu shi matasan ke kewayewa yana gaya musu wanda zai ci tun ba a tashi ba. Wani lokaci ina kallonsu sun haɗa kai a kan waya, in ji haushinsa ya taso mini sabo, a kan abin da bai ma rayu ya yi ba.

Ban taɓa yi masa fatan sharri ba, Allah ne shaida. Abin da nake so shi ne sau ɗaya a juyo a dube ni yadda ake dubansa. Shi ya sa da na kama ƙasa na sayi tawa motar, ita ma gawa ce, na ajiye ta bayan gareji na lulluɓe da tamfol. Duk abin da na koya a jikin motarsa na zuba mata, har da waɗanda ban taɓa yi wa tasa ba. Na kankare kan injin, na sauya mata bututun hayaƙi da na ƙera da hannuna. Habu kan ɗaga tamfol ya leƙa ya ce, "Wannan amaryar taka yaushe za ta fita ɗaki?" In ce masa ya jira.

Ranar da na fito da ita, kasuwa ta kusan watsewa saboda mu. Baba ya tsufa a lokacin, amma ya sa aka kawo shi a bayan babur, ya tsaya can kusa da rijiya da sandarsa. Aka jera mu. Na dubi kafaɗar mai hula, kamar yadda na koya a wurin wanda ke gefena. Muka tashi tare. Har tsakiyar fili hancin motata na daidai da ƙofarsa, abin da ba a taɓa gani ba, kuma ina jin tana da sauran ƙarfi. Na sa giya ta uku, na fara cim masa. Daga nan sai na daina ganinsa a gefena. Ban waiga ba. Na wuce rijiya ni kaɗai, na taka birki, na fito, na ɗaga hannu sama.

Babu kowa a wurin sai Baba. Duk jama'a sun ruga tsakiyar fili.

Ashe wani ɗan raƙumi ne ya ɓalle daga garken makiyaya da suka zo kasuwa, ya faɗo ta ɓangaren Habu. Ya murɗa sitiyari ya kauce masa, motar ta juya ta faɗa cikin rairayi ta daki kututture, ƙafar gaba ta karye. Ya fito da jini a gira yana dariya. Mai raƙumin ya riƙe masa hannu ya ƙi saki, har da kyautar cuku.

Baba ya zo wucewa ta gabana yana dogara sanda, ya nufi can. Na ce, "Baba, na riga shi."

Ya ce, "Na gani," bai tsaya ba.

Can sai ga Habu ya ratso mutane, ya kama hannuna ya ɗaga sama, ya ce, "Jama'a, yau taubashina ya cinye ni, ku shaida." Aka yi tafi, amma shi ake kallo. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Har yau a Tanut sunan ranar nan ranar da Habu ya kauce wa ɗan raƙumi. Ni kuma abin da ya fi damuna shi ne ban san ko da na cim masa ba, in da dabbar nan ta tsaya wurin uwarta. Na ce masa sai mun sake. Ya ce, "Gyara mini ƙafar, sai mu sake." Na gyara.

Ba mu sake ba. Kafin kaka ta zagayo cikinsa ya fara kumbura, idonsa ya yi rawaya. Ni na ɗauke shi zuwa likita a Damagaram, matarsa Barira na riƙe da kansa a baya. Ina tafiya a hankali ina kauce wa ramuka, sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Taka mana, Lawali. Ƙwai ka ɗauko?" Na taka. Likitoci suka ce hanta ce, kuma an makara. Muka dawo da shi gida. Mutumin da bai iya jiran komai ba ya yi watanni a kan tabarma yana ramewa, bai yi raki ba ko sau ɗaya. Na zauna kusa da shi ina tunanin ko ni ne da tuni na ishi gida da kuka. Ko jinya ya fi ni iyawa.

Baba ya rayu bayansa kaɗan. A ƙarshen kwanakinsa idonsa ya dushe, idan na shigo da fura sai ya ce, "Habu ne?" In ce, "Lawali ne, Baba." Ya ce, "To, to, ajiye." Daga baya na daina gyara masa, in amsa kawai, in zauna ya riƙe hannuna.

Yanzu labarin Habu ya fi Habu girma. Na ji wani matashi na rantsuwa cewa ya taɓa tsere da jirgin sama a hanyar Agadas. Wani ya ce dogo ne fari, alhali gajere ne baƙi, mai wushirya. Wani ya ce bai taɓa shan kaye ba, yana faɗa a gabana, yana shan shayina. Masu yabonsa sun ƙara masa abin da ba nasa ba, sun zubar da nasa. Babu mai tuna cewa yana tsoron allura, ko cewa ba ya karɓar kuɗin mota daga tsofaffin Gangara, ko cewa kafin kowane tsere sai ya cire takalmi ya taka totur da ƙafa tsirara.

Da sallar da ta wuce na je gaida Barira. Jikokinta suna tambayarta yadda kakansu yake tuƙi, ta ce ita ba ta taɓa zuwa fako ba. Sai ta juyo ta ce, "Yaya Lawali, kai za ka gaya musu. Duk garin nan babu wanda ya kalle shi kamar kai. Ni da na aure shi ma ban kalle shi haka ba." Na yi niyyar in musa, sai jikokin suka kewaye ni. Na zauna na nuna musu yadda yake karkata kai hagu idan yana sauraren inji, da yadda yake riƙe sitiyari da yatsu uku. Barira ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce haka yake, wallahi haka yake.

A hanyar komawa gida na auna abin da ya rage na Habu. Motarsa ta zama ƙarfen awo tuntuni, filin ya tafi, kirarin ya cika da ƙarya. Abin da ya rage sahihi yana wurina, kuma kishi ne ya adana shi, don mai yabo kallo ɗaya yake yi ya tafa, ni kuwa shekara da shekaru na yi ina ƙirga motsinsa ina neman inda zai kuskure. Ban samu ba, sai na wayi gari na haddace shi.

Allah ya gafarta wa Habu, ya yalwata masa kabari, ya haɗa shi da kawunsa da ke ta kiran sunansa. Ni ma ina tafe a hankali, ina kauce wa ramuka. Can ɗin ma ya riga ni isa.