Ai Na Riga Na Gani a Yola

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni: shekara guda cur na yi ina fassara wa dattawan layinmu fim ɗin da ban taɓa gani ba, cikin harshen da ba na ji. Aji biyu na yi a boko na gudu. Faransancina bai wuce na ciniki da na ba jandarma haƙuri a hanyar Gidar ba.

Lokacin tele, wato talabijin, ba ta daɗe da zuwa Garwa ba. A layinmu Alhaji mai goro kaɗai ke da ita, ana fito da ita zaure bayan magariba. Mazaunina bakin ƙofa ne, wajen takalma. Kallo kaɗan ne, gardama ta fi yawa. Akwai wani tela Bafulatani da ba ya son komai sai fim ɗin Indiya.

"Fim ba waƙa ai zaman makoki ne," in ji shi.

Na ce, "Ana bin mutum da wuƙa, sai ya tsaya rawa a kan dutse, ya canja riga sau bakwai? Dole ka so shi, tela. Ɗinki kake hange."

Mahaucin layinmu kuwa gwaninsa wani ƙato ne mai tashi sama da mayafi a wuya. Alhaji ya tsani ƙaton nan. "Yana ɗaga mota da hannu ɗaya, amma ko sau ɗaya ban ga ya kai wa uwarsa buhun gero ba. Ɗan banza ne."

Sai aka fara wani dogon fim na mako-mako, na wata yarinya da direba da likita ke nema, ga kawunta mai gashin baki yana hana ruwa gudu. Wata rana ana tsakiyar rigima aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Zaure ya yi duhu, kowa na tsaki. Ban san abin da ya hau kaina ba, sai na ji bakina ya ce, "Ai ni na riga na gani a Yola. Can sun yi gaba."

Na je Yola, gaskiya ne, sarin kwanuka. Tasha na gani da kasuwa.

Daga ranar aka ɗauke ni daga wajen takalma aka ɗora a kujera mai hannu, kusa da Alhaji. Kofin shayi na farko nawa ne. In kuran ya tafi, ni ne tele. In yana nan ma ni ke faɗin abin da Turawan ke nufi, masu ɗan jin Faransanci a cikinmu suna gyaɗa kai don kada a gane nasu ma na kasuwa ne.

Kawun nan ya dame ni, yana kama da wani surukina. Rannan da wuta ta tafi, a labarina sai na tura shi cikin kogi da mota. Aka yi kabbara. Mako na zagayowa sai ga shi a tebur yana cin kaza.

Tela ya miƙe tsaye. "Fewre!" Da Fulatanci wato ƙarya.

Na ce, "Tagwaye ne, jahili. Wannan Husaini ne."

Alhaji ya ce, "Zauna, tela. Ka taɓa zuwa Yola?"

Ya zauna. Na sha shayina.

Ana haka wani malamin makaranta da aka canjo daga Poli ya kama hayar ɗaki a gidan Alhaji. Muna ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Yana zama a tsohon wurina, bakin ƙofa, yana jin Turawan yana kuma jina, bai taɓa cewa uffan ba. Shirunsa ya fi zagin tela ciwo. Na so in yi ciwon ƙarya in daina zuwa, kujerar ta hana ni.

Kuskurena guda, na rantse da girman Alhaji cewa direba za ta aura. Talaka nake, talaka na zaɓa. Ranar ƙarshe na yi addu'ar a ɗauke kuran har da tofi. Wutar da ba ta taɓa cika mako ba, ranar ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Yarinya ta sa farar riga ta auri likita, direba shi ya tuƙa su, kawu na rawa, ba wanda ya kira shi Husaini.

Tela ya fashe da dariya. Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, tashi ka ba Mushe kujera."

Na tashi. Ina laluben takalmina a bakin ƙofa, Mushe ya sunkuyo zai wuce, ya rage murya ya ce, "Baba, ka yi asarar baiwa. Da labaran ƙasa aka ba ka ka riƙa karanta mana a tele, wa zai gane an canja ma'aikaci?"