Taku Arba'in na Lurwanu Masaƙi

Lurwanu masaƙi ne ɗan masaƙi, mutumin wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Ya iso Makka a shekarar 1961, bayan shekara tara a hanya, mafi yawansu a gonakin audugar Sudan. Ya zo da matarsa Hajo, da ƙoshiyar saƙa da ya gada, da hannun da ya iya luru, bargon nan mai ratsin baƙi da fari wanda baƙo kan ji nauyin taka shi.

Mai ɗinkin hula, tabarma ɗaya ta ishe shi. Saƙar maza ba haka take ba. Ƙyallen da ake saƙawa faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, amma zaren wadari sai an miƙe shi taku arba'in, a ɗaure ƙarshensa da dutsen da aka ɗora a kan katako, wanda masaƙa ke kira kunkuru saboda yadda yake jan ciki a hankali. Abin da Lurwanu ke nema ke nan: taku arba'in a miƙe, a garin da duwatsu suka matse lungunansa.

Ya fara gwadawa a ƙofar gidan da suke haya. Cikin kwana uku jakunan masu ruwa suka tsinka zaren sau biyu, maigidan ya ce ya zaɓa, ko zaren ko ɗakin.

Hajo tana da ɗan wa, Mukhtaru, haifaffen Makka, mai takardar ɗan ƙasa, wanda Larabci ya fi zama a bakinsa. Shi ya kai Lurwanu Kudai, wata unguwa a gefen gari wadda a lokacin duwatsu da ƙaya suka fi gidaje yawa a cikinta, ya nuna masa wani fako.

"Ya Ammi, baƙo ba ya riƙe ƙasa da sunansa," in ji Mukhtaru, wanda ke kiransa baffa da Larabci. "A rubuta da sunana, kai ka yi saƙarka. Takarda kawai ce."

Shekara biyu Lurwanu yana dako a kasuwa da safe, bayan la'asar yana farfasa duwatsu yana kwashewa da kai. Farcen yatsunsa uku suka fita. Da wurin ya kwanta sumul, ya kafa rumfa, ya yi wadari. Wata biyar ya yi yana saƙa. Mutanenmu Hausawa sukan zo daga unguwar Shisha su tsaya kallo, tsofaffi har da ƙwalla.

Ana saura wata ɗaya Hajji, ya iso da hantsi ya tarar da manyan motocin ɗaukar alhazai guda shida a jere a kan filin. Tayar ɗaya tana kan kunkurunsa. Mukhtaru yana tsaye tare da direbobi.

"Ɗana, me ke nan?"

"Ma'alesh, ya Ammi, ka yi haƙuri. Masu motoci sun ga wurin, sun ce duk Kudai babu mai kyan shimfiɗarsa. Wallahi an yabe ka ƙwarai."

"Ni na fasa duwatsun nan."

"Na ce ba kai ba ne? Sai dai takarda ba ta san wanda ya fasa dutse ba. Ka zo ka riƙa wanke gilashi mana, ai kana da hannu mai laushi."

Direbobi suka bushe da dariya. Lurwanu bai kai ƙara ba, domin ba shi da abin nunawa. Sai ya riƙa zuwa kullum yana zama a bakin filin da zarensa a cinya. Jama'a suka fara magana, aka daina kiran Mukhtaru suna da ɗaurin aure. Bayan shekara guda Mukhtaru ya ga ba zai iya jurewa ba, ya ja Lurwanu zuwa wani kwari tsakanin duwatsu biyu, mai yashi mai laushi, miƙaƙƙe fiye da taku ɗari.

"Wannan ba ya buƙatar takarda. Babu wanda zai taɓa korarka."

Ranar da Lurwanu ke kafa turaku, wata tsohuwa mai kiwon awaki ta tsaya a kan dutse tana ɗaga masa sanda. "Sail! Ya hajji, sail!" A Larabci sail shi ne ambaliya, kwarin kuwa hanyar ruwa ce, abin da ya sa ba wanda ya gina ko akurki a cikinsa. Lurwanu bai san kalmar ba. Ya san wata mai kama da ita, sahal, wato sauƙi. Ya tambayi Mukhtaru, wanda ke tsaye a gefe.

Mukhtaru ya san idan ya faɗi gaskiya, gobe zai sake ganin tsohon a bakin filinsa. Ya ce, "Sahal ta ce. Tana yi maka fatan sauƙi."

Lurwanu ya rusuna ya gode mata.

Shekara uku ya yi a kwarin, kuma a nan ya saƙa mafi kyawun aikinsa. A farkon shekarar 1969 ya yi wadarin luru shida a lokaci ɗaya, da zaren da Hajo ta kaɗa da hannunta tun suna Sudan, ta rina shi da baban da ta ɓoye a ƙullin zane. Wata safiya hadari ya haɗu a kan duwatsu. A ƙasar Zazzau ƙasa kan sha ruwan farko, masaƙi ya naɗe kayansa a tsanake. Dutsen Makka ba ya shan ruwa. Lurwanu yana cikin kwance turke na biyu ya ji ruri daga bayansa. Da ƙyar ya haye tudu. Yana kallo ruwa ya tafi da rumfar, da zaren, da luru biyu da ya gama.

Mukhtaru ya zo jaje da ɗan kwandon dabino. Hajo ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kai ka san kalmar nan, Mukhtaru."

"Ya Ammati, gwaggona, yaron goye ma a Makka ya san ta. Shekara takwas yana garin nan. Ni na hana shi koyon Larabci?"

Ya ajiye dabinon, ya leƙa ɗaki. "Ammi, alhamdu lillahi da ka tsira. Akwai wuri a saman soron gidana, kusa da kejin tantabaru. Taku huɗu ne. Ka zo."

Lurwanu ya je, domin babu wani wurin. Taku huɗu ba ya fitar da luru, ba ya fitar da ko ɗankwali. Ya ɗaura zare a babban yatsan ƙafarsa, ya shiga saƙa zariyar wando, Mukhtaru yana kwasa yana sayar wa direbobi. Ita yake saƙawa har idonsa ya mutu.