Shanyar Fukafukai a Ɗakin Iya

A ƙauyenmu, can gefen Gubuchi, tatsuniya ta fi daɗi in an fara saran rake. Sanyi ya shigo, an kwashe tuwo, an yi sallar isha'i, sai mu jikoki mu tattaru a ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. Tana da wani kaskon wuta da take ajiyewa a tsakiyar ɗaki, kullum da dankali binne a tokarsa. Kowa na zuwa da guntun rakensa, muna sha muna tara ɓawon a gefe, don Iya ta ce duk wanda ya zubar mata a ƙasa shi ke da shara da safe. Sunanta aka sa mini, shi ya sa mutanen gida ke kirana Ummi, ita kuwa ta ce takwara.

A shekarar da nake ba da labari na fara zama budurwa. Ƙirji ya fara fitowa, ga wani tsawo da na yi na wuce sa'o'ina duka. Kunya ta kama ni, sai na koyi tafiya a ranƙwafe, kafaɗu sun turo gaba, kai a ƙasa. Ga kuma ɗinkin hula da muke wuni a kansa a duƙe. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne yabon da na riƙa samu. Matan gida su ce, "Kai, Ummi akwai kunya, dubi yadda take tafiya." Innata har daɗi take ji. Ni kuwa in yamma ta yi, wuyana da tsakanin kafaɗuna ciwo suke kamar na wuni da tulu a ka, amma ban gaya wa kowa ba, don a zatona haka kowace yarinyar kirki take ji. Iya ce kaɗai ba ta taɓa yabawa ba. Sai dai ta bi ni da kallo, ta yi ɗan tsaki, ta ci gaba da jan carbinta.

Iya tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa, wa zai ba ta wuri?" Mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, ga tabarma!" Baƙuwar da ta shigo a daren nan angulu ce.

Wai a da can babu tsuntsuwar da ta kai angulu kyan tsayuwa, wuya dogo, ƙirji a buɗe. Da ta tasa sai wasu fararen gashi suka fito mata a ƙirji. Ta je rafi shan ruwa, tsuntsaye suka yi ta kallonta. Ba wanda ya zage ta, kallo kawai aka yi. Sai ta janye wuya ta cusa tsakanin kafaɗu, ta rufe ƙirjin da fukafukai. Tsofaffin tsuntsaye suka ce lalle wannan 'ya ta samu tarbiyya. Al'adar tsuntsaye kuwa, kowace safiya su hau reshe su shanya fukafukai a rana, amma angulu ta daina, don kada a ga ƙirjinta. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce. Ran nan uwarta ta dawo daga wata doguwar tafiya, ta shiga taron tsuntsaye tana cigiyar 'yarta mai dogon wuya. Angulu ta yunƙura za ta ɗaga kai ta ce ga ni, wuyan ya ƙi. Uwar ta bi ta gabanta ta wuce ba ta gane ta ba.

"Shi ya sa," in ji Iya, "har yau kuke ganinta a kan rufin mahauta da hantsi, ta baje fukafukai tana neman miƙewa."

Ƙanwata Larai, da hawaye sun cika mata ido, ta ce, "Iya, to ba za ta miƙe ba?"

"Ita kam ta makara, jikalle. Ku ne ban sani ba. Ku tashi duka in gani, wa ya fara zama angulu a ɗakin nan? Har kai mai ƙaton ciki, tashi!"

Muka miƙe muna ta dariya, maza da mata. Ta ce kowa ya ɗauki sandar rake ya gitta a bayansa, ya saƙalo ta da gwiwar hannu, ya ɗaga haɓa kaɗan. Ƙirjina ya buɗe, na ji wani abu ya ja daga kafaɗa zuwa kafaɗa har sai da na cije leɓe. Daga nan ta ce mu jingina da bango, ƙeya da baya su taɓa shi, mu riƙa ɗaga hannuwa muna saukewa a hankali ba tare da sun rabu da bangon ba, wai tashin shaho ke nan. Sai kuma mu matse allon kafaɗu ta baya kamar an ba mu ajiyar ƙwallon goruba a tsakani, mu riƙe har ta gama cewa abin da za ta ce. Na ƙarshe shi ne shanyar: ka tsaya a ƙofar ɗaki, ka kafa hannuwa gefe da gefe, ka tura ƙirji gaba kamar mai leƙen tsakar gida.

"Takwara, sannu a hankali, ba dambe ba ne," ta ce da ni. "Ki ja numfashi." Abin da ta faɗa mini ke nan ni kaɗai a daren.

Tun daga ranar, ba a ba da dankali sai tsuntsaye sun yi shanya. Da safe kuma ta mayar da jan ruwan alwalarta hannuna, ta ce in riƙa janyo guga da gwiwar hannu zuwa baya. Bayana bai miƙe da wuri ba. Sai da rake ya ƙare, aka shiga bazara, sannan na lura ciwon yamma ya daina zuwa. Innata ma ta lura, ba ta kuma ji daɗi ba. Na ji ta wata rana ta durƙusa a ƙofar ɗakin tana cewa, "Iya, yarinyar nan fa ta fara tafiya kai a sama, kada mutane su yi magana."

Iya ta ce, "Su yi mana. Ni ban taɓa jin an ce kunya a ƙashin baya take ba. Ki ɗinka mata hijabi mai yalwa, ki bar mata bayanta." Aka ɗinka hijabin, maganar ta mutu a nan.

Yau ina zaune a Ikara da iyalina, Iya ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Sai da na girma na gane cewa ɗaki guda ta riƙa tayarwa tsaye saboda ni kaɗai. Da ta kira ni gefe ta ce bayanki ya tanƙware, da kunyar ta ƙara duƙar da ni. Sai ta ɓoye ni a cikin taron yara masu dariya, ta yi aikinta ba wanda ya sani. In na tuna wannan, ina jin daɗi har cikin raina.

Bara 'yata Zainab ta kai waɗannan shekarun. Ga duƙawa a kan waya, ga duƙawa a kan keken ɗinki, ga kuma abin da ba ta faɗa ba amma na sani. Wata maƙwabciya ta shigo ta ce, "Maman Zainab, 'yar nan taki akwai kunya." Na yi mata godiya, da ta fita na tara yaran gidan duka na ce baƙuwa na bakin ƙofa. Mun sha watanni muna shanya, ni ma ina ciki, bayana na ƙara suna yi mini dariya.

Kwanan baya muna shirin zuwa wani suna a garin Kudan, na matso zan gyara mata ɗaurin ɗankwali. Ta tsaya a gabana sosai, sai na ga dole in ɗaga kai kafin in kalli idonta. Ashe yarinyar nan ta daɗe da fina tsawo, ban sani ba.