Baƙo Ne Ko Ɗan Gida?

Duk wanda ya taɓa kai wa kakata Inna Dije ƙara ya san abin da zai tarar. Tana kan tabarmarta a gindin darbejiya, ido a rufe, kai ka ce barci take. Sai ka gama zuba, maƙogwaro ya bushe, sannan ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Baƙo ne ko ɗan gida?"

Shekara da shekaru ita ce shugabar ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa a unguwarmu ta Fagam, kuma da tambayar nan kaɗai ta riƙe su. A wurinta matsala iri biyu ce. Baƙo ya zo yau, gobe ya tafi da ƙafarsa. Ɗan gida shi ne mai dawowa kullum, kuma shi kaɗai take tashi tsaye dominsa.

"Kai ɗaya gare ni," in ji ta. "In na rabar wa kowace akuya, me zan ajiye wa kura?"

Wallahi ranar da kunama ta harbe ni na zo ina ihu, garin nan kaf ya ji, sai da ta yi mini tambayar. Na ce, "Inna, mutuwa zan yi!" Ta ce, "Baƙuwa ce ke nan. Je ki wurin uwarki."

Kun tuna lokacin da kowace ranar suyar gyaɗa sai an yi faɗa? Mata suka yi gayya suka zo suka ce a kori Yaya Ladi, bakinta ya yi yawa. Inna ta dai matsar da tabarmarta kusa da wurin aiki, ta yi makonni tana kallo da idon nan ɗaya. Rannan ta ɗauke Ladi daga murhun gabas, ta ajiye Malama Hauwa, matar da ko ƙuda ba ta iya kora da ƙarfi. Kafin azahar Malama Hauwa ta zagi mutum biyu har da kakanninsu!

Inna ta ce, "Kun gani? Ba Ladi ba ce, hayaƙi ne. Duk wadda ta wuni yana shiga idonta sai ta nemi wanda za ta cinye. Ku kori murhun."

Aka rushe shi aka gina a bayan zana. Ladi ta koma kamar amarya.

Na taɓa tsokanar ta na ce, "To Malam fa, da kullum sai ya yi mitar gishiri a miya?" Malam kakana ne, yana zaune yana ji. Ta nisa ta ce, "Wannan ɗan gida ne, 'yar nan. Na daɗe da gane shi. Inda zan gina shi ne ban samu ba."

Tun da Inna ta rasu aka ɗora wa Ummana shugabancin, kuma wallahi mun gaji. Tun asuba ake sallama. Wannan an ɗauke mata ludayi, waccan an harare ta, wata akuya ta ci mata ƙuli-ƙuli. Umma kowa sai ta bi shi, har takalminta ya gaji ya tsinke. Tana sallame salla sai ta ɓingire a kan darduma. Ta rame, ga ciwon kai kullum, in na yi magana ta ce zai wuce.

Kalmar nan ce take tsorata ni. Sau ɗaya Inna ta yi kuskure a tambayarta, a kan tarin da ya kama ta da damina. Muka ce a je asibiti a Birnin Kudu, ta ce, "Baƙo ne." Ashe ya riga ya shimfiɗa tabarma a ƙirjinta.

Shi ya sa jiya, da aka sake sallama a kan wani murfin tukunya Umma ta jawo mayafi, na tare ƙofa. Na rufe ido ɗaya na ce, "Umma, ciwon kan nan baƙo ne ko ɗan gida?"

Ta ɗaga hannu kamar za ta make ni, sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallon gindin darbejiya. Sannan ta ce, "Ki ce wa mai murfin ta duba ƙarƙashin gadonta. Ki kuma gaya wa Babanki gobe zai kai ni asibiti."

Allah ya ji ƙan Inna Dije, ya haskaka kabarinta. Ya sa a Aljanna ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce.