Kwalbar da Na Ba Inna Ajiya

Abubuwa da yawa sun shige mini da tsufa, amma damunar da na ba Inna ajiyar kwalbar maganina, wannan kam sai dai in an rufe ni da ita. Har yau in na ji ƙamshin tumu a wuta, sai abin ya dawo mini kamar jiya aka yi.

Lokacin ina aure a Karaye. Bayan haihuwata ta huɗu na yi wata irin ƙiba ta fitar hankali. Mata sai yaba ni suke, wai maigida ya iya kiwo, ni kuwa ni kaɗai na san abin da nake ji. Gwiwoyina sun ƙi ni, in na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe. Da na yaye yaron, maigidan ya kai ni asibiti a Kano. Likitan ya auna jinina, ya saurari ƙirjina, ya tabbatar ba ni da ciki, sannan ya rubuta mini wata ƙwaya mai rage sha'awar abinci. Ya ce ɗaya da safe, na ɗan lokaci ne kawai, in rage tuwo da maiƙo, in riƙa tafiya a ƙafa, in kuma koma ya sake duba ni. Ya ja mini kunne kada in ba kowa, kuma in nisanta ta da yara.

Cikin marka na tafi ganin gida, ƙauyenmu Turawa. Kai, garinmu da damuna! Gero ya fi mutum tsawo, shanu na dawowa da yamma cikinsu tim, ko'ina ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai dai shekarar da ta wuce an yi fari, rumbunmu ya kusa kai ƙasa, sabon gero kuma bai nuna ba. Babanmu ya riga ya rasu, Inna na zaune da yayana da matarsa da 'ya'yansu. An koma tuwo sau ɗaya a yini, da rana sai kwaɗon tafasa. Ba wanda ya ce mini uffan. Mutanenmu kenan, gara su kwana da yunwa da su buɗe baki su ce babu.

Ranar da na sauka Inna ta sa aka yanka mini kazarta. Na ɗan taɓa na ture kwano. Nan ta hau ni da faɗa, wai don na leƙa Kano sau ɗaya shi ne na raina girkin ƙauye. Ina dariya na ɗauko kwalbar na yi mata bayani. Ta karɓa ta jujjuya ta a hannu.

"Yanzu wannan 'yar mitsitsiyar ce ke kashe yunwa?"

Na ce ƙwarai kuwa, in na sha sai in wuni ban nemi abinci ba. Sai ta ce in bar mata ta jefa a kwallarta, don yaran gidan nan ba abin da suke ragawa. Ni har daɗi na ji. Wa yake taɓa kwallar Inna? Kullum da safe ita da kanta take miƙo mini ƙwaya ɗaya da ruwa a moɗa.

Ba a jima ba Inna ta canza. Tsohuwar da ke son gyangyaɗi bayan azahar sai ga ta ba ta zama wuri ɗaya, ta share nan, ta tsinke can, surutu kamar an kunna rediyo. In aka kawo mata tuwo sai ta kira jikoki ta raba musu, ta ce ita ta ƙoshi, ta sha fura a maƙwabta. Muna ta zolayarta wai ta koma budurwa. Na ga hannunta na rawa in tana jan carbi, na ga tana yawan shan ruwa tana dafe ƙirji, amma na ɗauka tsufa ne. Wa zai kawo wa ransa?

Wata hantsi muka je bakin gona tsinkar tafasa. Tana sunkuye tana ba ni labarin wani biki, sai maganar ta tsaya. Ina juyowa na gan ta kwance cikin kunya, zufa ta jiƙa ta sharkaf. Da na ɗora hannu a ƙirjinta, zuciyar bugawa take kamar ana dakan sauri. Wallahi ban san ina da gudu ba sai ranar, da gwiwar da ƙibar duk na manta da su. Wani maƙwabcinmu Bafulatani ya ɗaura amalankensa muka kai ta bakin hanya, daga nan mota ta ƙarasa da mu asibitin Karaye.

Malamin asibitin ya ce jininta ya hau sosai, ga shi cikinta ba komai. Da ta farfaɗo ya tambaye ta ko tana shan wani magani, ta ce a'a. Matar yayana ce ta buɗe kwallar don ɗauko mata zane, ta ga kwalbar ta kusa ƙarewa, ta zo da ita. Malamin na gani ya riƙe baki. Ya ce irin wannan ƙwaya tana zaburar da zuciya, shi ya sa ba a ba mutum sai an auna shi, ga tsohuwa mai hawan jini kuwa tana iya zama ajali.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya sa na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce Inna me ya kai ki? Ta dube ni, idonta ya cika.

"'Yar nan, ke da kike ƙoshe aka ba ki maganin yunwa. Ni da nake da yunwar fa? In na sha, rabona sai ya ishi yara biyu."

Na kifa kaina a gefen gadon na yi kuka har na gode Allah.

Washegari kawunmu ya iso daga Rogo da buhun dawa a bayan keke, yana haki yana masifa, wai 'yar'uwarsa ta zaɓi mutuwa a kan ta aika masa. Maigidana ma ya turo da nasa. Ni kuwa na koma wurin likitana na faɗa masa komai, daga nan kwalbar ba ta sake barin akwatina ba, makullin na ɗaure a bakin zanena.

Inna ta warke. Ranar da aka fara karyo tumu, ni na gasa mata, na murje a faifai na zauna a gabanta sai da ta cinye tas, jikokin na leƙe tana korarsu da mafici tana dariya. Ta ƙara shekaru masu yawa kafin Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta.

Abin da na koya shi ne, magani na wanda likita ya auna ne shi kaɗai, ko uwa da 'ya ba sa tarayya a kansa. Na biyu kuma ya fi zauna mini a rai. Tun daga ranar, in tsohuwa ta ce mini ta ƙoshi, ba na yarda sai na leƙa rumbu.