Katin Da Ba Ka Kai Ga Gogewa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina goge gilashin kyamara aka kira ni aka ce ka rasu. Na ce to. Na ƙarasa gogewar, na rufe, na sa a jaka. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, abokina, ban yi kuka ba, ban kuma san dalili ba.

Shekara goma sha tara muna aiki tare, ni da kyamara, kai da 'yar rikodarka rataye a ƙirji, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Kunne muke kiran ka, har masu ba mu aiki suka manta sunanka na yanka. Sau nawa ka tsayar da ɗauka ka ce firji na ƙara, mu rantse babu firji a gidan, a je a tarar da shi a ɗakin maƙwabta? Na sha yi maka tsiya cewa ko sauro ya yi tari sai ka ji.

Ba ka jefar da muryar kowa. Na tuna ranar da 'ya'yan wani tsohon direba suka zo ofis bayan rasuwar mahaifinsu. Ka buɗe durowa, ka zaro katin rikoda mai ɗauke da hirar da muka yi da shi shekara shida baya, ka zaunar da su a kujerarka suka saurara. Kai kuma ka fita waje ka tsaya a rana har suka gama.

Duk inda muka gama aiki sai ka ɗaga hannu ka ce a yi shiru minti ɗaya, za ka ɗauki shirun ɗakin. Mu yi ta gunaguni ga yunwa, kai ko a jikinka. In mun koma ofis kuma, sai ka bi ka yanke duk inda muryarka ta shiga. Cewa kake, mai ɗaukar sauti in an ji shi, ya ɓata aiki. Saƙon murya a waya ma ba ka turawa, wai sautinsa ƙazami ne.

Ana zaman makoki na kai wa Mama, mahaifiyarka, hotunanka. Wautata ta kai haka, na manta shekararta bakwai ba ta gani. Ta shafa su ta miƙo mini. "Ɗan nan, me zan yi da hoto? Muryarsa za ka kawo mini." Na ce to, Mama, ina ganin abu ne mai sauƙi.

Kwana shida ina gaban durowarka da abin saurare a kunne. Na ji hayaniyar kasuwa, na ji ruwan sama a kan kwano, na ji kaina ina masifa a kan batir. Kai ne babu. Wallahi har haushinka na ji.

Shekaranjiya matarka ta ba ni jakarka. Katin aikinmu na ƙarshe na cikin rikodar, ba ka kai ga gyara shi ba. A ƙarshensa na same ka: "Bismillah. A yi shiru, don Allah." Iyakar abin ke nan, sai shirun minti ɗaya.

Na je na sa wa Mama abin sauraren. Da maganar ta wuce na kai hannu zan kashe, ta riƙe ni.

"Bar shi. Ba ka ji yana numfashi ba?"

Daga baya na saurara sau uku, ni ban ji komai ba. Ashe a wurinta ka gaji kunnen. Rikodar na can gefen matashinta, na nuna wa 'yarka inda ake dannawa.

Allah Ya jiƙan ka, Kunne, Ya gafarta maka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Mama da matarka da 'yarka da ƙannenka haƙurin wannan rashi. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Ranar Litinin akwai aiki, ban san wanda zai ce mu yi shiru ba.